Daga Jakar Haraji Zuwa Kason Wata: Ƙaramar Hukuma a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Idan ɗan mutumin Kwatarkwashi ya sami gurbin karatu, aka ce sai ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma, to uban yana da 'yar tafiya a gabansa. Garinsu yana gindin dutse, a kan hanyar da ta tashi daga Gusau ta nufi Tsafe da Funtuwa, amma a takarda shi mutumin Bunguɗu ne. Zai fara da mai unguwa, ya biya ta wurin hakimi a sa masa hannu, sannan ya hau mota ya shiga Gusau, ya keta gari, ya fita ta yamma ya kama hanyar Sakkwato. Sai ya ƙara tafiyar kamar kilomita 20 kafin ya iso ofishin da ke riƙe da hatimin da yake nema. Akwai sakatariya a Gusau, amma ba ta da abin da za ta yi masa.

Kakansa ya fi shi shan tafiya. A zamaninsa duk maganar da ta fi ƙarfin hakimi sai Sakkwato, fiye da kilomita 200 daga Gusau. Abin da talaka ke nema wurin hukumar da ke kusa da shi kuwa bai sauya sosai ba cikin shekara ɗari da ɗoriya: rumfa a kasuwa, rijiya, kwalbati a kan hanyar da ruwa ke cinyewa kowace damina, malami a aji, magani a asibitin sha-ka-tafi, da mai raba gardama tsakanin gona da burtali. Abin da ya yi ta juyawa shi ne inda kuɗin waɗannan ayyuka ke fitowa, da hannun da ke riƙe da makullin akwatin.

Garuruwan uku kowanne da sarautarsa tun kafin zuwan Turawa. 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke ƙasar Tsafe a yau, ya ƙi bin jihadi, rundunar Muhammadu Bello ta ci shi wajen 1806, sunansa ya wanzu a sarautar 'Yandoton Tsafe. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, shi ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, kuma ana kiran mai garin Sarkin Katsinan Gusau domin yankin a da ƙasar Katsina ne. Bunguɗu tana da Sarkin Fulani. Sarakunan wancan zamani suna karɓar kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da jangalin shanu, su ciyar da fada da baƙi da mayaƙa, masu bin Sakkwato su aika da gaisuwa can. Babu albashi, babu kiyasin shekara, aljihun sarki da taskar ƙasa abu guda ne.

Zamanin En'e

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Shugabansu Lugga ba shi da yawan ma'aikata, ba shi da kuɗi, sai ya bar rawani a kan masu shi ya miƙa musu littafi da alƙalami. Aka yanka ƙasar Sarkin Musulmi gunduma-gunduma. Sarakunan Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi suka zama hakimai, kowanne da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinsa. Razdan na zaune a Sakkwato, Di'o na zagayowa rangadi yana duba littattafai. Dokar haraji ta 1906 ta tattara tsoffin kuɗaɗen nan iri-iri ta mayar da su ƙa'ida guda. Wajen 1909 wani Razdan mai suna Palmer ya gwada wata dabara a Katsina: a raba kuɗin sarki da kuɗin ƙasa, a buɗe baitulmali, a yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. Zuwa 1911 dabarar ta bazu a masarautun Arewa. Hukumar da ta tsiro daga nan ita ce En'e, sunan da bakin Bahaushe ya ƙera daga haruffa biyu na farkon sunanta na Turanci. En'e ta Sakkwato tana cikin manyan Arewa, sahu ɗaya da ta Kano da ta Barno.

Shekarar hakimi a kan ƙirge take tafiya, kuma damina ce lokacin jangali. Da ciyawa ta fito, shanu suka dawo daga kudu suka zauna, sai malamin jangali ya ɗaura wa doki sirdi, ya ɗauki littafi da kundin rasit, dogari na biye da shi, ardo na nuna hanya. Da asuba suke dira ruga, kafin a gama tatsa a saki shanu kiwo. Malam ya tsaya bakin garke yana ƙirgawa, mai shanu na gefe dogare da sanda yana rantsuwa cewa iyakarsu ke nan. Shi ma Bafillace yana da nasa lissafin. Labarin zuwan malam yakan riga malam isowa, saboda haka wani kashi na garken ya riga ya kwana a cikin daji, ko ya tsallaka iyaka. A ƙasar Tsafe wannan ba wuya, tun da Lardin Katsina na nan kusa, kuma littafin Sakkwato ba ya aiki a can. Akan yi ciniki, akan yi kyautar ɗan maraƙi, a ƙarshe a rubuta adadin da kowa zai iya rayuwa da shi.

Da kaka ta yi sai haraji. An riga an ƙidaya magidanta, an yanka wa kowane ƙauye abin da zai kawo, dagaci da masu unguwanni suka raba shi gida-gida. Wanda ya biya a ba shi takarda, kuma takardar nan ita ce shaidarsa idan ya tafi ci-rani ɗan doka ya tare shi a hanya. Wanda ya kasa, ya sayar da akuya ko damin gero, ko ya sha rana a ƙofar dagaci, ko ya yi ƙaura da dare. Sulallan a zuba su a jaka, a ƙirga a zauren hakimi, a sake ƙirgawa gaban ma'aji. Da farko rabi na gwamnatin Turawa ne, rabi na En'e, daga baya manyan baitulmalai suka sami fiye da rabi. Da wannan kaso ake biyan albashi, a riƙe 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari, a gina elementare, a haƙa rijiya, a share hanya bayan ruwa ya ɗauke.

Hakimin da harajinsa ya cika a kan lokaci shi ne hakimin kirki a idon Di'o. Wanda lissafinsa ya yi giɓi, rawaninsa na rawa.

Da yake Bature ba ya karɓar wuri ko dami, sai tsabar kuɗinsa, dole manomi ya shuka abin da kanti ke saye. Gyaɗa da auduga suka shiga gonaki. A ƙarshen shekarun 1920 aka jawo layin dogo daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Kamfanoni irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, Yarabawa da Ibo da mutanen Kano da na Zazzau suka cika Sabon Gari. Cikin 'yan shekaru Gusau ta zama kasuwar da ta fi kowace ƙarfi a ƙasar Sakkwato, alhali hukuncin yadda za a kashe kuɗin da take tarawa a fadar Sarkin Musulmi ake yanke shi.

Sardauna a Gusau

Nisan ya yi yawa, kuɗin kuma sun yi yawa, dole Sakkwato ta ajiye ido a gabas. A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ya rasu, aka naɗa Abubakar na Uku. Ahmadu Bello, hakimin Raɓa, wanda shi ma ya nemi gadon, aka ba shi sarautar Sardauna da kujera a majalisar sarki, aka turo shi Gusau ya kula da gundumomi 14 daga cikin 47 na masarautar. Aikinsa shi ne irin wanda aka zayyana a sama: rangadi, duba littattafan hakimai, sa ido kan ƙaramin baitulmalin Gusau, sauraron koke.

A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali. Kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, wani matashin lauya Bayarabe, Bode Thomas, ya tsaya masa, aka wanke shi. Shari'ar ta sa sunansa ya zagaya Arewa, musamman a bakin matasa 'yan boko da ke ganin En'e ta zama gonar wasu. Ta kuma nuna abin da kowane ma'aikacin En'e ya sani, cewa littafin jangali makami ne, kuma ana iya juya shi a kan wanda ke riƙe da shi. A 1948 Sardauna ya tafi Ingila ya ga yadda majalisun garuruwa ke aiki. A 1953 ya zama ministan ƙananan hukumomi na Jihar Arewa, a 1954 ya zama Firimiya.

Kafin nan, a watan Agusta na 1950, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, domin talaka ba shi da murya a cikinsa. Maganar ta girgiza fadoji. Daga 1952 aka daina ɗaukar sarki shi kaɗai a matsayin hukuma, sai shi da majalisarsa, dokar En'e ta 1954 kuma ta ƙarfafa majalisun gunduma da na gari da na ƙauye. A nan ne mutumin Tsafe ko na Bunguɗu ya fara ganin abin da ya yi kama da zaman kansiloli na yau. Hakimi ne shugaba, dagatai na gefensa, ga wasu zaɓaɓɓu daga ƙauyuka. Akan ɗora ɗan wani abu a kan harajin kowane mutum, a tara shi a asusun gunduma, majalisa ta zauna ta raba: rumfuna kaza a kasuwa, a ɗaure bakin rijiya da siminti, a yi wa mahauta daɓen yanka. Kuɗin kaɗan ne, amma kowa ya san daga aljihun wa suka fito.

Sai dai En'e ɗin da ke haƙa rijiya ita ce ke ba da izinin lacca. 'Yan jam'iyyar adawa ta NEPU, waɗanda suka fi samun masu sauraro a garuruwan layin dogo, sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai. Shi ya sa da soja suka karɓi mulki, aka ƙirƙiri Jihar Arewa Maso Yamma a 1967 Usman Faruk na gwamna, ba a daɗe ba aka fara fige wa En'e gashi. Daga 1968 kotuna suka koma hannun jiha, gidajen yari da 'yan doka suka koma na tarayya. Sunan En'e ma aka soke shi a takarda, ko da yake tsofaffi ba su daina kiran ma'aikacin ƙaramar hukuma ɗan En'e ba.

Shekarar da ruwa ya juya

A watan Fabrairu na 1976 Murtala Muhammad ya ƙirƙiri Jihar Sakkwato. A cikin shekarar, gwamnatin Obasanjo, Shehu Musa 'Yar'aduwa na jan ragamar aikin, ta fito da tsari guda ga ƙasar baki ɗaya: ƙananan hukumomi 301, kowacce da jama'a tsakanin 150,000 da 800,000, da zaɓaɓɓun kansiloli, da kaso daga asusun tarayya. Aka raba Jihar Sakkwato gida 19, Gusau ta zama ɗaya daga ciki, Tsafe da Bunguɗu na ƙarƙashinta. Aka yi zaɓe a watan Disamba. Sarakuna aka ware musu majalisar masarauta, aikinta shawara. Daga nan ma'ajin Gusau ya riƙa rubuta kiyasin shekara da sunan Gusau.

Zamanin kuɗin man fetur ne, kuma shi ya juya akalar komai. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, wasu jihohin Arewa suka bi sahu. Talaka ya yi murna, kuma yana da dalili, domin ya tuna ranar da ya sha a ƙofar dagaci. Amma daga lokacin kuɗi suka daina hawa daga ƙauye zuwa birni, suka koma gangarowa daga Ikko, daga baya Abuja. Kason ƙananan hukumomi ya tashi daga kashi 10 cikin ɗari a farkon shekarun 1980 zuwa 15 a 1990, zuwa 20 a 1992, yau kuma 20.60 ne. Malamin da ke bin ruga da asuba ya ajiye sirdi. Magajinsa yana zaune a ofis yana jiran a ce kason wata ya shigo.

Zaɓen 1976 bai sami na biyu da wuri ba. A Jamhuriya ta Biyu gwamnoni sun rushe majalisu, suka naɗa kwamitocin riƙo, suka yi ta yanka sababbin ƙananan hukumomi don faranta wa magoya baya. Buhari ya soke su a 1984, ya mayar da adadin 301, ya naɗa kantomomi, ya kuma sa Ibrahim Dasuƙi, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi, ya shugabanci kwamitin duba tsarin. Kalmar kantoma kanta tsohuwa ce, sunan jami'in Bature ne mai kula da bariki da Sabon Gari, sai ga ta ta sami sabon mai ita.

A zamanin Babangida, cikin rabe-raben 1989 da 1991 da suka kai adadin ƙasar 589, Tsafe da Bunguɗu suka tsaya da ƙafafunsu. A lokacin ne aka gwada turo kuɗi kai tsaye ba tare da sun bi ta hannun gwamna ba, aka yi zaɓen ƙato bayan ƙato a Disamba 1990 tsakanin SDP da NRC, aka kuma raba aiki a 1991: ciyaman ya zartar, kansiloli su yi doka su amince da kasafi. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Abacha ya ƙirƙiri Jihar Zamfara mai ƙananan hukumomi 14, Gusau ta zama babban birni, Kanar Jibril Bala Yakubu ya zo a matsayin gwamnan soja na farko. Hakiman da a da suke jiran takarda daga Sakkwato suka zama sarakunan yanka. Mazaɓu 147 ke jihar, kowacce daga cikin ukun nan tana da 11. Gusau na da irin su Mada, Magami, Wanke da Wonaka. Tsafe na da Bilbis, 'Yankuzo da 'Yandoton Daji. Bunguɗu na da Nahuce, Furfuri, Tofa da Kwatarkwashi. Ƙidayar 2006 ta ba Gusau mutum dubu 383, Tsafe dubu 266, Bunguɗu kusan dubu 258.

Abin da ke kan tebur

Wanda ya karanta jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 zai ga aikin ƙaramar hukuma an jera shi dalla-dalla, kuma jerin ƙasa-ƙasa yake. Kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, bayan gida na jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa, sa wa tituna suna da yi wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Akwai lasin keke da baro da amalanke da kwalekwale, har da na rediyo da talabijin. Akwai sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da aikin gona. Akwai kuma lasin sayar da giya, wanda ya zama rubutu kawai a Zamfara tun da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999.

Zaman da ya fi nauyi a wata shi ne na kwamitin kuɗi. Ciyaman na kan tebur, mataimakinsa da sakatare na gefe, ga kansiloli masu gafaka, ga daraktan mulki da ma'aji da shugabannin sassan ayyuka, lafiya, gona da ilimi. A buɗe da addu'a, a karanta bayanin zaman baya, a gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba. Sannan ma'aji ya buɗe fayil ya faɗi abin da ya shigo da abin da aka riga aka cire tun daga sama: albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya, fansho, kashi 5 na masarauta, gudummawar ayyukan haɗin gwiwa da jiha. Abin da ya rage shi ake zama a kai.

Daga nan sai takardu su fara fitowa. Shugaban sashen ayyuka na da kwalbatin da ruwa ya karya, motocin hatsi ba sa iya shiga ƙauye. Na lafiya yana neman kuɗin man babura domin zagayen allurar shan-inna. Na gona yana son a kafa kwamiti ya fita sa alamar burtali kafin shuka, kada a sake abin da ya faru bara. Sarkin kasuwa ya aiko da koke kan rabon rumfuna, shugabannin direbobi na jayayya kan kuɗin tasha. Kowane kansila da mazaɓarsa a baki. Wani ya ce, ranka ya daɗe, famfon garinmu wata uku ke nan ba ya kawo ruwa. Ciyaman ya dubi ma'aji, ma'aji ya dubi fayil. Abin da ya wuce iyakar da aka yanka wa ciyaman sai an rubuta wa ma'aikatar ƙananan hukumomi da masarautu an nemi amincewa. Saura kuma a rubuta a gabansu cewa an amince, sai kuɗi sun samu. A rufe da addu'a. A waje, masu jiran ciyaman da takardar asibiti ko katin ɗaurin aure sun cika baranda.

Dalilin da ya sa ma'aji ke fara karanta abin da aka cire yana cikin sashe na 162 na tsarin mulkin, wanda ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su sauka a asusun haɗin gwiwa da jiha ke riƙe da shi. Mai riƙe da asusu kuwa shi ke faɗin wanda zai zauna a kujera. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Zamfara a 2019, a ƙarshen mulkin Abdul'aziz Yari, APC ta kwashe duka. A 2020, Bello Matawalle na gwamna, majalisar dokokin jiha ta sauke shugabannin, kantomomi suka dawo. Ba a Najeriya kaɗai ake wannan kai da komo ba. A ƙetaren iyaka, mutanen Maraɗi sun zaɓi kansilolinsu a zaɓen ƙasa baki ɗaya na 2004, lokacin da Nijar ta kafa ƙananan hukumomi 265, a 2024 kuma sojoji suka rushe majalisun suka naɗa nasu masu riƙo.

Ɗan abin da ƙaramar hukuma ke tarawa da hannunta daga kasuwa da tasha yake fitowa, shi ma rashin tsaro ya taɓa shi. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka katse layukan waya, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Mai yankan rasit a kara ya zauna gida. A ƙauyuka da dama na Tsafe da Bunguɗu da kudancin Gusau kuwa kalmar haraji ta dawo, amma daga daji ake aiko da ita: a yanka wa gari kuɗi kafin a bar shi ya yi shuka ko girbi, mai gari ya raba gida-gida kamar yadda kakansa ya yi, ba rasit, ba rijiya. A watan Yuli na 2022 sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa wa Ado Aleru, wanda jami'an tsaro ke nema, sarautar Sarkin Fulani da sunan neman sulhu, gwamnati ta dakatar da sarkin. Sarautar da a da ke raka malamin jangali ruga ita ce ta shiga wannan hali.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma. Jihohi suka ruga shirya zaɓe. Zamfara ta yi nata a watan Nuwamba, PDP ta Gwamna Dauda Lawal ta ɗauke kujerun ciyaman 14 da na kansila 147. Aka shiga 2025 ana ta ja-in-ja kan buɗe wa kowace ƙaramar hukuma asusu a Babban Banki.

Shi kuwa mutumin Kwatarkwashi, da ya iso Bunguɗu, zai tarar da layi a ƙofar ofishin mulki. Zai miƙa takardar hakimi da hotuna biyu na yaron, ya biya kuɗin fom wurin kashiya a yanka masa rasit. Wannan na cikin 'yan kuɗaɗen da har yau ke tashi daga hannun talaka su shiga akwatin ƙaramar hukuma ba tare da sun biya ta Abuja ba. Idan mai sa hannu yana gari, kafin azahar an buga hatimi. Idan an kira shi taro a Gusau, sai gobe. Ko ta yaya, mutumin zai naɗe takardarsa a leda ya nufi tasha tun da sauran rana, domin direbobin hanyar Tsafe ba sa son magariba ta same su a kanta.